Abokin Iliya Direba

Ku zauna mana, ga benci nan, ba ya cizo. Uwarku ta kira ni ta ce kun gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa, kun yanke shawarar ku fara sayar da littattafai ta waya tunda ga kawunku a harkar. Har ta ce kai Kabiru cewa ka yi ai ba wani aiki ba ne, a ɗauki hoton bango, a rubuta farashi, mai babur ya kai wa mai saye. Ke kuma Nafisa wai kin ce Kawu Bala zama kawai yake yi a inuwa yana karatu, kuɗi na zuwa da ƙafarsu. Na yi dariya har mai shayin can ya leƙo ya ga ko lafiya. Ban ce ba za ku ci abinci a ciki ba, za ku ci da yardar Allah. Amma a gaban teburin nan na yi furfura, a bakin tashar Utako, don haka ku bari in gaya muku yadda aikin yake kafin ku je ku ɓata wa bayin Allah rai.

Ku fara duban teburin. Na gaba, waɗanda ke fuskantar ƙofar tasha, su nake kira masu ihu. Yadda za ka yi arziki, yadda za ka zama shugaba, yadda za ka yi magana a taro kowa ya tafa. Bangonsu ja ne ko ruwan gwal, da hoton wani ya harɗe hannu yana murmushi kamar bai taɓa bin layin mai ba. Su ke jawo mutane, su ke ciyar da ni, ban raina su ba. Amma ku dubi hagu, can jikin katanga, inda in mutum ya tsaya dole ya ba tasha baya. Nan nake jera na masu makoki, da na masu fargaba, da na waɗanda barci ya guje wa, da na wanda aka raina tun yana ƙarami har shi ma ya koma raina kansa. Yawancinsu ƙanana ne, bangonsu ba ya ɗaukar ido. Ban taɓa sa su a gaba ba, don babu mai son kamasho da fasinja su gan shi yana duba irinsu.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga tamfol mai kauri, wanda in hadari ya taso ta wajen Jabi nake ja in rufe kafin ɗigon farko. Ga robar ɗauri, ga gam da tsohon buroshin haƙori na gyaran wanda bayansa ya ɓalle. Rana kuma tana cin bango, ja ya koma fari-fari, shi ya sa kullum nake juya na sama su koma ƙasa. Sai abin da na ga kuna kallo kuna murmushi, takardar buhun siminti da gwangwanin tsinken tsintsiya. Takardar wajen magina nake karɓowa, in kakkaɓe, in goge, in yanka. Duk littafin da ya fito daga hagu a cikinta nake naɗe shi, don leda in ta manne a bango sai suna ya fito. Tsinken kuwa zan zo kansa, kada ku yi gaggawa.

Cinikin da ya fara koya mini sana'ar nan a tsohuwar kasuwar Wuse aka yi shi, a shagon maigidana Baba Yohanna. Mutumin Pankshin ne, tsohon malamin firamare, gajere, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa da zare. Ni lokacin na zo daga Zariya da ɗan Turancina na sakandaren da ban ƙarasa ba. Wata mata ta shigo, da gani ma'aikaciyar gwamnati ce, ta yi ta zagaye. Ta ɗauki wani ƙaton littafin kasuwanci, ta ɗan tsaya, sannan ta zari wani ɗan siriri ta cusa a ƙarƙashinsa, ta miƙo su haɗe. Na ƙasan na iyayen da suka rasa ɗa ne. Baba Yohanna ya karɓa, ya buɗe na saman kamar mai dubawa, ya ce, "Madam, wannan ɗinkinsa ya saki, bar shi, in an kawo mai kyau sai ki ɗauka." Ya ajiye shi gefe. Ya naɗe ɗan siririn bai ko kalli sunansa ba, ya faɗi kuɗinsa a hankali, ya ce a gaida gida. Da ta fita na ɗauki ƙaton na jujjuya, na ga lafiyarsa ƙalau.

Na ce, "Baba, ai babu abin da ya same shi."

Ya ce, "Na sani. Rakiya ya yi. Ba shi ta zo saye ba, kunya ce ta sa ta ɗauko shi. Za ka sa ta biya kuɗin kunya?"

Tun daga ranar nake gane littafin rakiya, kuma har yau ban bari an biya shi ba. Dattijon nan ya kuma kafa mini doka, ya ce na gaba in sayar ko da ido rufe, amma na hagu ba zan miƙa wa kowa ba sai na karanta shi daga bango zuwa bango. Na sha wahala a kan wannan, wallahi. Ƙamus a cinya, littafi a hannu, shi kuma yana zaune yana yi mini tambaya kamar ɗan aji uku. In na ce na gama, sai ya ce, "To wa ya kamata a ba shi, wa kuma zai cutar?" A wajensa na fara jin cewa littafi yana iya cutarwa. A wajensa kuma na koyi sa tsinke. Mutumin da hankalinsa ya tashi ba ya iya bin littafi daga shafin farko, gabatarwa kaɗai sai ta gajiyar da shi. Sai ka nemo wurin da ke magana a kan abin da ke damunsa, ka sa tsinke a nan, ka ce ya fara daga wurin.

Doka ta ƙarshe ita ce babba. Yawancin masu zuwa hagu ba sa cewa su ne. Ƙawata ce, abokina ne, wani ɗan'uwanmu ne a ƙauye. Baba Yohanna ya ce, "Bala, in mutum ya ce abokinsa ne, to abokinsa ne. Ka tambayi lafiyar abokin, ka zaɓa wa abokin, ka ce a gaishe shi. Ranar da ka nuna ka gane, ka kori mutum, kuma ba zai je wani wuri ba, gida zai koma da abinsa." Allah ya ji ƙan dattijon nan da irin jin ƙan da ya yi wa mutane, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa.

Bayan ya sallame ni na dawo nan na kafa tebur, sannu a hankali har na samu shago a layin da ke can bayan gidan mai. Yanzu ba za ku ga layin ba. Wata safiya muka zo muka tarar an shafa wa shagunanmu jan fenti, ba a jima ba katafila ta zo, a tsakiyar damina. Na kwashe kaya zuwa gidana a Dutse Alhaji, na jibge a ɗakin da rufinsa ke yoyo ban sani ba. Kafin in farga ruwa ya sha rabi. Littafi in ya sha ruwa kumbura yake yi, shafuka su manne, ga warin fumfuna. Ni da matata muka yi ta shanya a tabarma, muna ɓamɓare shafi da wuƙar tebur, muna sa ƙyalle muna bi da dutsen guga. Wasu sun tashi, wasu sai masu ƙosai da masu tsire na ba su naɗe kaya. Na dawo tebur kamar sabon shiga, da ɗan abin da ya rage. Ban taɓa ganin shekara irin wannan ba, kuma a cikinta ne maganar Iliya ta taso.

Iliya direban motar haya ne a tashar nan, hanyar Jos yake yi. Bagwari ne daga Paikon Kore, ƙato, in ya yi dariya har masu lodin can ƙarshe sai sun waiwayo. Bai taɓa sayen littafi a wajena ba, amma duk dawowarsa sai ya ajiye mini dankalin Turawa a ƙarƙashin tebur, ya ce in ci ko na yi ƙiba. A daminar nan wata tirela ta shigo masa hannu ana ruwa. Ya kauce iya ƙoƙarinsa, motar ta faɗa rami, fasinja biyu suka rasu. Shi ko ƙwarzanen kirki bai yi ba. An bincika, kowa ya shaida ba laifinsa ba ne. Alhajin da ke da motar mutumin kirki ne, ya fitar da wata, ya ce ta Iliya ce, zai riƙe masa makulli har lokacin da matafiyan Kirsimeti za su fara. In lokacin ya zo bai hau ba, dole ya ba wani, don mota ba ta zama.

Iliya bai hau ba. Kullum yana zuwa tasha da sassafe, ya taya lodi, ya ɗaure kaya a but, ya zauna. Duk wanda ya tambaya sai ya ce bayansa ne ke ciwo. Ga yara a makaranta, babbar tana karatun aikin jinya, kuma kowa ya san in makullin nan ya tafi, sai dai ya kwashe su su koma ƙauye. Dariyar nan tasa ta ɗauke gaba ɗaya. Ina kallonsa daga nan, abin yana damuna ƙwarai, amma ba a kiran mutum zuwa hagu.

Wata rana bayan azahar, tasha ta yi tsit, ya zo da kansa. Ya tsaya a gaba ya ɗauki wani mai ihu, ya jujjuya, ya matsa hagu da shi a hannu. Na ci gaba da shafa gam ban ɗaga kai ba.

Can ya ce, "Malam, wani abokina ne yana da 'yar matsala. Shi ma direba ne, a Gwagwalada yake lodi."

Na ce, "Allah sarki. Me ya same shi?"

"Ya yi hatsari kwanaki. Ya warke, babu komai a jikinsa. Amma in ya riƙe sitiyari, hannunsa yana rawa. In ya ji babban mota ya yi hon, sai zufa ya rufe shi. In ya kwanta, yana ganin mutanen." Ya ƙara da cewa, "Waɗanda suka mutu ɗin."

"Iyalinsa sun sani?"

"Matansa ya ɗauka ciwon jiki ne."

Na tambaya ko abokin ya taɓa karanta wani abu a kan haka. Ya ce surukinsa ya sayo masa wani littafi wajen masu talla a gosulo, wanda ke cewa tsoro lalaci ne, namiji ba ya ja da baya, in ka faɗi ka tashi a take. Ya ce, "Ya karanta, Malam. Da ya gama sai ya ji ashe shi ba namiji ba ne."

Raina ya ɓaci, ba da Iliya ba. Kun ga abin da nake gaya muku? Littafin nan ina da irinsa a gaba, yana da amfaninsa ga saurayin da ke kwana har hantsi. Amma a ɗauka a miƙa wa mutumin da ya fito da gawar fasinjansa daga rami da hannunsa? Wanda ya sayar bai tambaya ba, wanda ya saya bai sani ba, an je an ƙara wa bawan Allah ciwo. Na danne fushina, na karɓi mai ihun da ke hannunsa na ce bayan littafin ya ɓalle, ya bar shi.

Cikin waɗanda muka ceto daga ruwa akwai wani ɗan ƙarami da wata likitar masu damuwa ta rubuta. Gefensa ya yi tabon ruwa, shafukan sun lanƙwashe, amma ana karantawa. A tsakiyarsa akwai inda take bayanin cewa jikin da ya ga mutuwa kusa yakan ƙi yarda an tsira. Sai ya zauna cikin shiri, ƙara kaɗan ya zabura, kuma wannan ba ragwanta ba ce, abin yana samun sojoji da direbobi da matan da suka sha wuyar haihuwa. Na sa tsinke a nan. Sai na tuna Iliya karatun Hausa ya fi ƙwarewa a kai, na coci, Turancinsa na kan hanya ne.

Na ce, "Abokin naka yana karanta Turanci?"

Ya ce, "Kaɗan-kaɗan. Irin nawa."

"To zauna in karanta maka in juya da Hausa, kai kuma ka kai masa da baki."

Ya zauna a bencin nan, daidai inda kike, Nafisa. Na karanta a hankali, ina juyawa. Da na zo wurin da ke cewa ba ragwanta ba ce, ya ce in maimaita don ya riƙe da kyau. Na maimaita. Sannan ya ce, "Zai ji daɗin wannan." Na naɗe littafin a takardar siminti, na ce ya gaishe shi.

Haka muka shiga. Duk bayan azahar sai ya zo da littafin a aljihun riga, ya ce abokin ya ce a ci gaba. In matsar da tsinke, in karanta, ya tafi. Kashegari ya kawo rahoto. Littafin ya ce mutum ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali in abin ya taso, Iliya ya ce abokin ya gwada, ya ɗan samu barci. Littafin ya ce kada a yi gaggawa, a fara da zama a cikin mota tana tsaye. Ba a jima ba na hango Iliya a can bayan tasha, cikin motar da Alhaji ya ajiye, yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Na kawar da kai. Da ya zo ya ce abokin ya zauna a mota, zuciyarsa ta yi ta bugawa, amma bai gudu ba. Na ce ya yi ƙoƙari ƙwarai, a gaya masa na ce haka.

Wani kamasho mai dogon baki ya taɓa tsayawa a kanmu ya ce, "Oga Iliya, an shiga makarantar Malam ke nan? Yaushe za a yi saukar karatu?" Na ga Iliya ya fara tura littafin ƙarƙashin cinya. Na ce wa kamashon saƙon wani muke dubawa, kuma in yana son karatu ya kawo kansa, ina da na masu surutu. Aka yi dariya ya wuce. Ranar ba mu yi nisa ba, Iliya ya ce yana da uzuri. Na ji tsoron ba zai dawo ba, amma ya dawo.

Akwai inda takarda ke tsayawa, kuma mai sana'ar nan dole ya san wurin. Makonni suna tafiya, barci ya ɗan gyaru, amma mafarkin bai daina ba, motar kuma ko tayar da ita bai yi ba. Littafin kansa ya faɗa cewa in abu ya kai haka a nemi likita. Na karanta masa wurin, na rufe, na ce, "Iliya, ka gaya wa abokinka ni mai tebur ne, iyakacina ke nan. Akwai likitocin da wannan ne aikinsu. Ya je."

Ya ce, "Za a ce ya haukace."

Na ce, "Wa zai ce? Wanda ya karye yana zuwa a ɗora shi, ba a ce komai. Kuma ya gaya wa matarsa. Mace tana kwana kusa da mutum yana firgita, kana tsammanin ba ta sani ba? Jira take a gaya mata."

Ya tashi ya tafi. Kwanaki ban gan shi a tasha ba, na yi ta tunanin ko na matsa da yawa. Na sa shi a addu'a bayan kowace salla, abin da ya rage mini ke nan. Sai ga shi wata safiya, ya aske gemu. Ya ce abokin ya gaya wa matarsa, ta yi kuka, ta ce ta daɗe da sani. Ita ta raka shi asibiti. Likitan ya zauna da shi ya saurare shi, ya ce ya riƙa dawowa. Ya je wajen fastonsu ma, sun yi addu'a da sunan mutanen nan biyu. Yana faɗa yana wasa da tsinken da ke cikin littafin.

Ana haka damina ta wuce, tasha ta fara cika. Masu tafiya gida sun fara zuwa da buhunan shinkafa da kaji a kwali. Na ga Alhaji ya zo da kansa, ya ja Iliya gefe, sun daɗe. Ban ji me suka ce ba, amma na ga wani matashin direba yana zagaya motar yana duba tayoyi. Iliya ya wuce ta gaban teburina ranar bai tsaya ba.

Kashegari da hantsi, lokacin da ciniki ya fi tafiya, mutane a tsaye a gaban tebur, ya zo ya tsaya a hagu har na sallame su. Makulli na hannunsa. Ya ce, "Malam, abokin nan ya ce yau zai gwada. Babu fasinja. Daga nan zuwa Dutse Alhaji kawai. In bai iya ba, da yamma za a ba wani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ya ce ba zai iya shi kaɗai ba."

Na ja tamfol na rufe tebur, na ce wa mai shayi ya sa ido. Wata mata tana cewa Malam ga kuɗi, na ce ta yi haƙuri ta dawo. Muka zagaya bayan tasha. Iliya ya buɗe ya shiga kujerar direba, ni na shiga gaba kusa da shi. Babu wanda ya tambayi ina abokin yake. Na yi bisimilla a fili, shi ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro.

Motar ta tashi. Muka fita ta ƙofar baya a hankali, har masu keke suna wuce mu. Cikin gari bai sha wahala sosai ba, cunkoso ya taimake shi. Ni kuwa na kama zancen doya, na ce bana ta yi tsada, na tambaye shi ko ta Paikon Kore ta fi ta Bwari. Yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, idonsa a kan titi. Rigarsa ta jiƙe tun kafin mu bar Jabi.

Da muka hau babban titin Kubwa ne abin ya zo. Wata tirela ta taso ta bayanmu ta danna hon, ta wuce har motarmu ta girgiza. Hannuwansa suka kama rawa a kan sitiyari, numfashinsa ya sarƙe. Ya sa sigina, ya gangara gefe, ya taka birki. Ya yi shi daidai, yadda direban kirki ke yi, ko a wannan halin. Muka tsaya. Motoci suna ta wucewa. Na ji ya fara jan numfashi a hankali yana saki, yadda muka karanta. Ni ma na bi shi ina yi, ban san lokacin da na fara ba. Mun daɗe a wurin, har wani mai sayar da ruwa ya zo ya leƙa ya tafi.

Can ya ce, "Malam, in mun koma daga nan, babu wanda zai ga laifinsa, ko?"

Na ce, "Babu. Ni dai ba zan gani ba. In ya ce mu koma, mu koma. In ya ce mu ƙarasa, ina zaune."

Ya goge tafin hannunsa a wando, ya duba madubi, ya duba kuma. Ya sa giya. Muka hau titi. Wata babbar motar ta sake wuce mu kafin kwanar Dutse, na ga kafaɗunsa sun ɗaga, amma ƙafarsa ba ta bar totur ba. Muka karya kwana, muka shiga hayaniyar masu babur da masu tallar rake, ya samu wuri kusa da kasuwa ya faka. Ya kashe mota, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Bayansa yana motsi. Na juya ina kallon masu gasa masara ta taga har ya lafa.

Sannan na ce, "Iliya, in ka ga abokin nan naka, ka ce masa ni Bala na shiga motarsa, kuma ko da jikokina zan sake shiga."

Ya ɗago, fuskarsa duk hawaye, ya share da hannun riga. Ya yi 'yar dariya, ƙarama, ba irin ta da ba, amma dariya ce.

Ya ce, "Ya ji, Malam. Ya ce gobe zai yi lodin Jos."